Sandar Giya da Ɗan Zoben Roba: Tarihin Wani Ƙaramin Gyara a Birnin Kano

Daga Ƙofar Mata zuwa bakin Kasuwar Kurmi ba wata tafiya ba ce mai nisa, amma direban da ya ɗauke ta da hantsi a ranar aiki da wuya ya ga giya ta uku. Zai sa ta ɗaya, ya sa ta biyu, ya taka birki saboda mai kura ko A Daidaita Sahu, ya sake komawa ta ɗaya. An shata unguwannin cikin ganuwa ne domin ƙafa da jaki da doki, ɗaruruwan shekaru kafin a ƙera mota, don haka motar da ke kwana da tashi a cikinsu tana shan canjin giya fiye da wadda ke bin hanyar Zariya ko ta Katsina. Inda gajiyar take fara nunawa kuwa shi ne gindin sandar giya. Sandar da a da take faɗawa gurbinta kai tsaye sai ta fara lilo, tana yawo a hannu kamar muciya a tukunyar da ba tuwo, har direba ya koma laluben giya maimakon sa ta.

Magani biyu masu ƙera kayan mota suka tanadar wa wannan wuri. Na farko shi ne sauya wasu 'yan zobba na roba da ke cikin mahaɗan sandar, waɗanda kanikawa ke kira bushin. Na biyu shi ne cire sandar ɗungurungum a sa wata mai gajeriyar tafiya, wadda hannu ba ya nisa da ita kafin giya ta shiga. A Amurka da Turai akan sayar da su tare, a ɗauke su aiki guda. A Kano tarihinsu ya rabu: sauya bushin ya zama abincin yau da gobe na gareji, gajeriyar sanda kuwa ta tsaya a sahun kayan marmari. Dalilin rabuwar yana cikin yadda mota ta shigo birnin da yadda aka riƙe ta.

## Abin da ke ƙarƙashin hannun direba

Sandar giya tana aiki da dabarar nan ta ɗaga dutse, inda ake cusa sanda a ƙarƙashinsa, a tokare ta da ƙaramin dutse, a danna ɗaya bakin. Matokarinta wani ƙwallo ne da ke kusa da gindinta. Abin da ke sama da ƙwallon shi ne hannu ke riƙewa, abin da ke ƙasa da shi kuma shi ke tura ƙarfen da ke zaɓar giya a cikin giyabos.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka saman sandar santimita 24 ne, ƙasanta santimita 6. Idan shigar giya tana bukatar ƙarfen ciki ya motsa santimita 2, dole hannu ya yi tafiyar santimita 8. Idan aka ƙara tsawon ƙasan ya kai santimita 8, tafiyar hannu za ta ragu zuwa santimita 6. Wannan shi ne sirrin sanda mai gajeriyar tafiya. Amma ba a samun ragin a banza, domin ƙarfin da hannu zai sa ya ƙaru da kashi ɗaya bisa uku. Yanke saman sandar da zarto, kamar yadda wasu ke yi, shi ma yana rage tafiya, sai dai yana nisanta ta daga hannun da ke kan sitiyari.

Shi kuwa bushin, aikinsa cike gurbin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe a kowace mahaɗa, ya hana su cin juna, ya kuma shanye girgizar inji kada ta iso hannu. Idan ya cinye sai a sami rata. Ita ratar, sandar da kanta ke ninka ta: a lissafin da ya gabata, ratar milimita ɗaya a ƙasa takan zama milimita huɗu a hannu, idan kuma mahaɗai uku ne suka cinye, ratarsu ke taruwa. Zafin Kano na watan Afrilu, wanda kan haura digiri 40, yana busar da roba ta tsattsage. Ƙurar hunturu kuma idan ta cakuɗu da giris takan zama kamar yashin goge kwano, ta yi ta cin zoben a hankali.

## Daga Faransa zuwa filin tseren Amurka

A farkon shekarun 1890 kamfanin Panhard et Levassor na Faransa ya fito da tsarin giyar da ake zame haƙoran ƙarfe su shiga cikin juna, wanda shi ne kakan giyar hannu ta yau. Sa giya a wancan zamani gwaninta ce, domin sai direba ya daidaita gudun inji da na mota da kunnensa da ƙafarsa, in ba haka ba haƙora su yi gurnani. Tsofaffin direbobin manyan motoci sun gāji wannan fasaha: a taka kuloci a fitar da giya, a saki, a ɗan ba da wuta, a sake takawa a shigar. A 1928 kamfanin Cadillac ya fara sa wasu zobba da ke daidaita gudun haƙoran kafin su haɗu, ƙirƙirar injiniya Earl Thompson, daga nan tuƙi ya fara zama aikin kowa.

Daga ƙarshen shekarun 1930 kamfanonin Amurka suka mayar da sandar jikin sitiyari, domin mutum uku su zauna a kujerar gaba. Hakan ya tsawaita hanyar da ke tsakanin hannu da giyabos, ya ƙara yawan mahaɗai, da su kuma yawan rata. Samarin da ke tseren rubu'in mil, wato kimanin mita 400, su ne suka fi jin haushin abin, domin a wannan tsere ɗan jinkirin canjin giya ya isa ya kayar da mutum. A ƙarshen shekarun 1950 George Hurst ya fara ƙera musu sandar ƙasa mai ƙarfi, mai gajeriyar tafiya, ta karɓu har kamfanin Pontiac ya riƙa fitar da motarsa GTO ta 1964 da ita tun daga masana'anta. Asalin gajeriyar sanda ke nan: an haife ta a ƙasar da mai ke da araha, mota ke da yawa, matsalar mai mota kuma ita ce yadda zai rage wani yanki na daƙiƙa.

## Birnin maƙera ya karɓi mota

Kano ta san ƙarfe tun kafin ta san ganuwa. Masana sun gano alamun narkar da tama a yankin Dala tun wajen ƙarni na 7, alhali tarihin sarakunan Kano yana danganta fara ginin ganuwa ga Sarki Gijimasu, tsakanin ƙarshen ƙarni na 11 da farkon na 12. Lokacin da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, ƙira ta riga ta zama sana'ar gado. Daga baya an san maƙeran birni da rabuwa gida biyu, maƙeran baƙi masu fartanya da gatari, da maƙeran fari masu kayan ado.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya biyo baya, ya ɗaga 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata. Gyaɗa ce ta jawo manyan motoci, domin a kwaso ta daga ƙauyuka zuwa tasha, kuma ɗansa Sanusi Ɗantata na cikin waɗanda suka yi fice a harkar sufurinsu. Jirgin ya kuma kawo ƙarfen Turawa da tarkacensa, abin da ya kashe sana'ar narkar da tama. Maƙera ba su mutu tare da ita ba, sai suka koma saran tsohon ƙarfen jirgi da na mota. Philip Jaggar, masanin Hausa na Ingila, ya rubuta littafi a kan wannan juyi na maƙeran birnin Kano, wanda aka buga a 1994.

Gyaran mota ya fara ne a wajen ganuwa, a ma'aikatun gwamnati da na En'e da na kamfanonin Turawa, da kuma Sabon Gari, inda yawancin kanikawan farko suka zauna. Sannu a hankali sana'ar ta ratsa ƙofofi, ta kuma ɗauki tsarin da birni ya saba da shi: uba ya kai yaro wurin maigida, yaro ya yi shekaru yana miƙo sifana yana wanke noti a cikin fetur, kafin a bar shi ya taɓa giyabos. Ita ma ganuwar sai da ta yi wa mota hanya. An buɗe Sabuwar Ƙofa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, an faɗaɗa wasu ƙofofin daga baya, a 2010 kuma aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi.

## Canjin hannu da zamanin Fijo

Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama, kamar maƙwabtanta Nijar da Kamaru da Dahomey ta wancan lokaci. Sitiyari ya koma ɓangaren hagu na mota, sandar giya kuma ta dawo hannun daman direba, inda take har yau. Wannan sauyi ya buɗe ƙofa ga motocin Faransa da Jamus, daga baya kuma ya sa kowace tsohuwar motar nahiyar Turai ta dace da titin Najeriya ba tare da an taɓa ta ba.

Wadda ta fi cin moriyar zamanin ita ce Peugeot, wadda bakin Bahaushe ya lanƙwasa zuwa Fijo. Ƙirar 404, da ta fito a 1960 da sandarta a jikin sitiyari, ta riga ta yi suna, musamman akori-kurarta. Ƙirar 504 ta fito a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ce masana'antar harhaɗa Peugeot ta fara aiki a Kakuri, Kaduna. Saboda cunkoson tashar jiragen ruwa ta Legas, a shekarun farko ta sama ake kawo sassan motocin daga Lyon zuwa filin jirgin saman Kano, sannan a ɗora su a manyan motoci zuwa Kaduna. Ƙarin albashin Udoji da rancen sayen mota suka sa 504 ta zama alamar ma'aikacin gwamnati. Kano ma ta sami nata kason, masana'antar harhaɗa manyan motocin Fiat ta NTM a hanyar Zariya.

Ƙafafun baya ne ke jan 504, giyabos ɗinta yana kwance a ƙarƙashin daɓen mota kusa da direba. A samfuran da aka mayar da sandarsu ƙasa, hanyar hannu zuwa giya gajera ce. Sabon bushin kuma yana nan a shagon dila da farashin da albashi ke iya ɗauka. Wanda sandarsa ta yi lilo a 1979 ba ya bukatar wata dabara, sai ya saya ya sa.

## Bayan 1986

A farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja. A watan Satumba na 1986, ƙarƙashin shirin SAP na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, aka fara gwanjon kuɗin waje, a zaman farko dala ɗaya ta haura naira 4. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, masana'antun harhaɗawa suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Gurbinsu sai tsofaffin motocin Turai suka cike, waɗanda ake saukewa a tashar Kwatano, wasu su biyo ta Gaya da Maraɗi su shigo ta Jibiya. Daga nan aka sami sunan 'yar Kwatano da 'yar Beljiyam.

Waɗannan motoci sun zo da wani gini dabam. A Golf ta Volkswagen, wadda ƙirarta ta uku ta fito a 1991 ta kuma zama jakar hanyoyin Arewa, ƙafafun gaba ne ke ja, inji yana kwance a gicciye, giyabos yana can gefensa a gaba. Tsakanin sanda da giya akwai dogon ƙarfe da 'yan sanduna masu kawunan roba, a wasu samfuran kuma wayoyi biyu ne, ɗaya na zaɓen layi ɗaya na shigarwa. Mahaɗai sun yawaita, motar kuma ta iso da shekara goma ko fiye a kanta, robobinta sun riga sun sha sanyin Turai kafin su gamu da ranar Kano.

A wannan zamani ne kasuwar Ƙofar Ruwa, a arewacin ganuwa, ta ƙara zama cibiyar kayan gyaran mota da ƙarfe, sababbi da na hannu. Zaɓin bakanike ya zama uku: ya nemo na cire daga motar da aka farfasa, ya sayi sabo na kwaikwayo wanda ba a san kwanansa ba, ko ya ƙera. A na ukun ne jinin maƙera ya nuna kansa. Akan yanko zobe daga tsohuwar taya ko tiyo mai kauri, ko a kai awo wurin masu injin sassaƙar ƙarfe su fitar da shi daga tagulla ko roba mai tauri. Abin lura shi ne, zoben tagulla da na roba mai tauri su ne ainihin abin da kamfanonin kayan tsere ke sayarwa da tsada a Amurka da Jamus, don ba sa lanƙwasa, giya takan shiga da su tsaf, ko da yake suna isar da girgiza da ƙara zuwa hannu. Rashi ne ya kai bakaniken Kano inda wadata ta kai ɗan tsere.

## Yadda ake aikin, da abin da ya kamata a fara

Tsarin aikin kusan ɗaya ne a yawancin motoci. Ana cire kan sanda da fatar da ke rufe gindinta, a ɗaga mota a tokare ta da abin da ya fi jak aminci, ko a hau da ita kan rami. Sai a yi wa ƙarfen da ke haɗe da sandar alama kafin a kwance shi, domin a san inda yake zaune. A cire maƙallin da ke riƙe ƙwallon, a zare sandar, a wanke tsohon giris, a fitar da matattun bushin a danna sababbi. Bayan an mayar da komai sai a daidaita, ta yadda a mota mai giya biyar sandar za ta tsaya da kanta a layin ta uku da ta huɗu idan tana firi. Ana gwada kowace giya har da ribas da inji a kashe, sannan a tayar a sake gwadawa. Idan gajeriyar sanda aka sa, dole a duba kada tsawon da aka ƙara mata a ƙasa ya riƙa taɓa salansa ko wani ƙarfe.

Bushin ne farko. Gajeriyar sanda a kan matattun zobba tana rage lilon da hannu ke ji, amma ba ta cike ratar, giya kuma za ta ci gaba da shiga rabi da rabi. Giyar da ba ta zauna sosai ba tana cin haƙoranta, tana iya fita da kanta, kuma ba wanda zai so hakan ya same shi yana tsakiyar wuce tirela a hanyar Wudil. Haka nan zobban daidaita gudu suna bukatar ɗan lokaci kafin su gama aikinsu. Gajeriyar sanda tana zuga hannu ya yi gaggawa, a tsohon giyabos kuwa nan ne sauri ke haifar da nawa.

Akwai kuma batun aljihu. Lilon sanda, da giyar da ke ƙin shiga ko mota na tsaye inji a kashe, galibi daga mahaɗan waje suke. Gurnani a giya guda yayin tafiya ya fi nuna zoben daidaita gudu, wahalar shigar dukkan giyoyi da inji a kunne kuma ta fi nuna kuloci. Mai motar da bai san wannan bambanci ba yana iya biyan kuɗin sauke giyabos a kan ciwon da ɗan zobe zai warkar, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

## Rijiyar da ke ƙafewa

Giyar hannu ta daɗe a Kano saboda dalilai na zahiri. Idan batir ya mutu ana tura motar ta tashi. Ana buɗe giyabos ɗinta a ƙarƙashin bishiya da sifana da guduma. A tsofaffin motoci ta fi otomatik tsimin mai, abin da ya ƙara nauyi tun bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023. Ko A Daidaita Sahu, wadda ta mamaye titunan birni bayan hana acaɓa a 2013, giyar hannu ce da ita, wayoyi ne ke ɗaukar murɗin hannun direba zuwa inji.

Sai dai Kano ba ta ƙera waɗannan motoci, abin da wasu ƙasashe suka gama yayi shi take gāda. A Amurka, inda Camry da Accord da yawa ke fitowa, motoci masu giyar hannu ba su kai kashi 3 cikin 100 na sababbin da ake sayarwa ba. A Turai ma otomatik na ƙara rinjaye, a 2023 kuma Tarayyar Turai ta amince da dokar da ke nufin kawo ƙarshen sayar da sababbin motoci masu fitar da hayaƙi daga 2035, ko da yake ana ta muhawarar sassauta ta. Motar lantarki ba ta da kuloci, ba ta da sandar da za ta yi lilo. Abin da ake saya sabo a Jamus bana shi zai iso Ƙofar Ruwa bayan shekara goma sha biyar.

Yaron da aka kai gareji yau zai kai ƙarfinsa a daidai wannan lokaci. Idan iyakar abin da ya koya shi ne kuloci da bushin, zai sami kansa inda masu narkar da tama suka sami kansu bayan 1911. Maƙera sun tsira a wancan juyi domin abin da suka riƙe shi ne sanin ƙarfe, ko daga ina ya fito. Daidai da wannan a gareji shi ne iya gano ciwo daga alamarsa, da awo, da ƙera abin da babu, sai kuma a ɗora karatun na'urar binciken mota da aikin lantarki a kai. Wannan nauyi ne a kan ƙungiyar kanikawa ta NATA, da makarantun koyon sana'a na jiha, da iyayen gida a gareji. Kafin lokacin, akwai dubban Golf da Fijo da Hiace da iyalai ke ci daga gare su, kowacce kuma tana bukatar wanda zai sunkuya ya duba zobenta kafin ya ce a sauke giyabos.